Tarihin Labaran Gotik Da Matsayin Ɗan'uwa A Cikinsu

Akwai wani irin ƙagaggen labari a Turai da Amurka wanda masana adabi su ke kira Gotik. Alamominsa ba su da wuyar ganewa: tsohon gida mai soraye da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, da wani asiri da aka binne tun zamanin kakanni, da fatalwa ko dodo ko mai sihiri, da kuma budurwa wadda ta faɗa hannun maigidan, ba ta sani ba ko masoyi ne ko makashi. Yawancin masu nazari sun fi mai da hankali ga dodon da budurwar. Amma akwai mutum na uku wanda ba safai a kan rasa shi ba, watau ɗan'uwa ko 'yar'uwa. Wannan takarda za ta bi tarihin labaran tun daga ƙarshen ƙarni na 17, ta nuna yadda dodo ya tashi daga abokin gaba ya zama abin ƙauna, da yadda aikin ceto ya fita daga hannun wa mai takobi ya koma hannun 'yar'uwa, da kuma abin da ya kawo haka.

Tushe a tatsuniya

Tun ba a san sunan Gotik ba, tatsuniyoyi sun riga sun kafa ginshiƙan abin. A cikin 1697 wani Bafaranshe mai suna Charles Perrault ya buga ɗan littafi mai tatsuniyoyi takwas, ɗaya daga ciki ita ce ta Mai Shuɗin Gemu. Attajiri ne mai yawan aure, matansa kuwa ba wanda ya san inda su ke ƙarewa. Da zai yi tafiya, sai ya damƙa wa amaryarsa mabuɗan gida duka, ya hana ta buɗe ɗaki guda. Ta buɗe, ta tarar da gawawwakin matan da suka riga ta. Da ya komo ya gane, ya zare wuƙa. Ita kuwa ta roƙi ɗan jinkiri don ta yi addu'a, ta sa 'yar'uwarta Anne ta hau kan soro tana hangen hanya, har 'yan'uwansu maza biyu, barade, suka iso suka kashe shi. Abin lura a nan shi ne yadda aka raba dukiyar mamacin: matar ta gaje ta duka, ta aurar da Anne da wani kashi, ta saya wa mazan muƙamin hafsa da wani.

Tatsuniya ta biyu ita ce ta Kyakkyawa da Dodo, wadda Madam de Villeneuve ta rubuta a 1740, Madam Leprince de Beaumont kuma ta taƙaita a 1756 sa'ad da ta ke koyar da 'ya'yan manya a London. Wani falke ne ya tsinki furen wardi a lambun dodo, dodon ya ce ko ransa ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata. Autar matan ta tafi a madadin uban, ta zauna da dodon har ta so shi, sihiri ya karye, ya koma ɗan sarki. A nan yayyenta mata biyu 'yan hassada ne, daga ƙarshe aka mai da su gumakan dutse. Wannan hassada ta samo asali tun daga labarin Cupid da Psyche wanda Apuleius, mutumin Madaura a ƙasar da a yau a ke kira Aljeriya, ya rubuta da Latin a ƙarni na 2.

A Jamus kuwa, Jacob Grimm da ƙanensa Wilhelm sun fara buga tarin tatsuniyoyinsu a 1812. A ciki akwai yarinyar da kishiyar uwa ta juyar da yayyenta shida suka zama manyan fararen tsuntsayen ruwa, aka ce ba za su koma mutane ba sai ta yi shekara shida ba magana ba dariya, tana ɗinka musu riguna da furanni. Ta yi aure, aka yi mata ƙazafi, aka kai ta bakin wuta za a ƙona ta, duk ba ta buɗe baki ba. Rigar ƙaraminsu ba ta sami hannun hagu ba, sabo da haka ya saura da fiffike ɗaya. Akwai kuma labarin wani matsafi mai sace 'yammata yana daddatsa su, har ƙaramar cikin 'yan'uwa uku ta yaudare shi, ta harhaɗa gaɓoɓin yayyenta, suka tashi da rai.

Wani rafi kuma ya gangaro daga Gabas. Tsakanin 1704 da 1717 aka buga fassarar Dare Dubu da Ɗaya da Faransanci wadda Antoine Galland ya yi. Sarki Shahriyar mai kashe amarensa kowace safiya bai yi nisa da Mai Shuɗin Gemu ba, kuma dabarar Shahrazad ba ta yiwuwa sai da ƙanwarta Dunyazad, wadda ita ce ke roƙon labari kowane dare. Daga wannan rafi William Beckford ya ɗebi labarin Vathek na 1786, wanda ya ari sunan halifa Wasiƙ na Abbasiyawa ya kai shi har fadar Iblis.

Haihuwar Gotik da dokar dukiya

Sunan ya fito ne daga Gotawa, ƙabilar da ta ci birnin Rum a shekara ta 410. Daga baya Turawa suka riƙa kiran tsofaffin gine-ginen zamanin tsakiya da wannan suna don raini. Horace Walpole, ɗan firayim ministan Ingila na farko, shi ne ya ɗauki sunan ya ɗaukaka shi. Ya gina gidansa na Strawberry Hill bisa wannan tsohon fasali, a ƙarshen 1764 kuma ya fitar da The Castle of Otranto, ya yi da'awar wai fassarar wani tsohon littafi ne da aka buga a Italiya a 1529. Da littafin ya karɓu, sai ya amsa cewa nasa ne, ya kira shi labarin Gotik a bugu na biyu a 1765. A cikinsa wani ƙaton kwalkwali ya faɗo ya murƙushe ɗan sarki Manfred ran aurensa, uban kuwa, don kada sarauta ta bar gidansa, ya tashi zai saki matarsa ya auri amaryar ɗan nasa. Ashe tun daga littafin farko tsoro da gado tafe su ke tare.

A cikin 1765 ɗin ne kuma masanin shari'a William Blackstone ya fara buga sharhinsa na dokokin Ingila, inda ya bayyana cewa miji da mata mutum ɗaya ne a gaban doka. Ma'anar wannan ita ce kuɗin mace da kayanta su kan zama na miji da zarar an ɗaura aure, amfanin ƙasarta kuma shi ke juya shi. Gidaje da gonakin manya kuwa babban ɗa namiji ya kan gaje su. Mai karatu wanda ya saba da shari'ar da ta bar wa matar aure dukiyarta sai ya riƙe wannan a zuci, in ba haka ba rabin tsoron da ke cikin labaran zai wuce shi. Uba da waliyyi da miji duk suna da hannu a kan dukiyar budurwa. Wanda ke tsaye daidai da ita, ba ya bisanta, shi ne wanda suka tashi ɗaki ɗaya.

Ann Radcliffe ita ce ta fi kowa amfani da wannan hali. A littafinta A Sicilian Romance na 1790, Ferdinand ya taimaki 'yar'uwarsa Julia ta guje wa auren dole, daga baya aka gano cewa ƙarar da a ke ji a kufan gidan ta uwarsu ce, wadda uban ya kulle a ƙarƙashin ƙasa ya ce ta mutu. A The Mysteries of Udolpho na 1794, wanda aka biya ta fam 500 dominsa, marainiya Emily ba ta da wa ko ƙane a raye, Montoni kuwa ya tsare ta a ganuwarsa cikin duwatsun Italiya har sai ta sa hannu ta sallama masa gadonta. Al'adar Radcliffe ce ta tsorata mai karatu da fatalwa, daga ƙarshe ta nuna cewa aikin mutum ne. Shagunan ba da aron littattafai da maɗaba'ar Minerva ta London suka cika Ingila da masu kwaikwayonta, mata kuwa suna da yawa cikin masu rubutawa da masu karantawa.

Ɗan'uwan da ya kasa

Marubutan da suka biyo baya sun shigo da sihiri da dodo na gaske, tare da haka kuma suka fara raunana hannun ɗan'uwa namiji. Matthew Lewis yana da shekara 19 ya rubuta The Monk, aka buga a 1796. Ya kafa labarin a Madrid, ya jera 'yan'uwa iri biyu. An ce wa Lorenzo 'yar'uwarsa Agnes ta mutu, amma daga ƙarshe ya same ta a kurkukun ƙarƙashin gidan masu zaman zuhudu. Ambrosio kuwa, malamin coci da ya sayar da kansa ga Shaiɗan, ya lalata wata yarinya Antonia ya kashe ta, sai daga baya Shaiɗan ya gaya masa ƙanwarsa ce.

A 1816, shekarar da aka yi bazara mai sanyi da ruwa a Turai sabo da aman wutar dutsen Tambora na Indunusiya a 1815, waɗansu matasan Ingila suka taru a wani gida a bakin tafkin Janeba, Lord Byron ya ce kowa ya ƙago labarin tsoro. Littattafai biyu suka fito daga wannan zama. Na farko shi ne Frankenstein na Mary Shelley, wadda ta fara shi tana da shekara 18, aka buga a 1818. Labarin duka yana cikin wasiƙun da wani matuƙin jirgin ruwa, Walton, ya ke aika wa 'yar'uwarsa Margaret. Victor Frankenstein ya harhaɗa wata halitta ya sa mata rai, ya ga muninta, ya gudu ya bar ta. Dodon ya koyi magana da tausayi ta wurin leƙen wani gida inda Felix da 'yar'uwarsa Agatha ke hidimar makahon ubansu. Da ya ga shi ba shi da kowa, sai ya fara ramuwa da William, autan gidan su Victor, ya ƙare da Elizabeth, wadda ta tashi tare da Victor a gida ɗaya, ya shaƙe ta a daren aurensu. Wannan dodo ya bambanta da na gabansa domin an ba shi baki ya faɗi kukansa, kukan kuwa na rashin dangi ne.

Na biyu shi ne The Vampyre na John Polidori, likitan Byron, wanda aka buga a 1819. Shi ne ya fara sa wa matacce mai shan jinin rayayyu tufafin basarake. Aubrey ya san ko wane ne Lord Ruthven, amma ya riga ya rantse ba zai faɗa ba har shekara ɗaya da kwana ɗaya. Yana ji yana gani Ruthven ya nemi auren ƙanwarsa, kafin wa'adin ya cika an ɗaura, da aka je ceto sai gawa. A tatsuniyar Grimm shirun yarinya ne ya ceci yayyenta, a nan kuwa shirun wa ne ya kashe ƙanwa. A Amurka, Edgar Allan Poe ya kai abin matuƙa a 1839 da labarin gidan Usher, inda Roderick ya binne Madeline, abokiyar tagwaicinsa, da sauran ranta, ta fito daga kabari ta faɗa kansa suka mutu tare, gidan ya tsage ya nitse a tafki.

'Yar'uwa ta karɓi aiki

A tsakiyar ƙarni na 19 aikin ceto ya koma hannun mata. Charlotte da Emily da Anne Brontë sun tashi a ƙauyen Haworth, sun rasa yayyensu mata biyu a 1825, kuma tun suna ƙanana su ke ƙaga labarai tare da ɗan'uwansu Branwell. A 1847 Charlotte ta fitar da Jane Eyre. Jane marainiya ce, malamar gida, ita da kanta ta kwatanta wani lungun gidan Rochester da gidan Mai Shuɗin Gemu, kuma lalle akwai mace kulle a sama, matarsa Bertha. Wanda ya tsai da ɗaurin auren Jane shi ne Richard Mason, ɗan'uwan Bertha. Jane ta gudu, ta faɗa hannun waɗansu mutane uku waɗanda daga baya ta gane 'ya'yan gwaggonta ne, ta gaji fam 20,000, ta raba daidai tsakaninsu su huɗu, domin samun dangi ya fi mata kuɗin daɗi. Sai da ta sami dangi da dukiyar kanta sa'an nan ta koma ta auri Rochester, wanda gobara ta riga ta makantar, ta raba shi da hannu ɗaya.

Wilkie Collins ya bayyana maganar dukiya a fili a The Woman in White, wanda ya fito kashi kashi a mujallar Charles Dickens daga 1859 zuwa 1860. Sir Percival ya auri Laura don kuɗinta, shi da Count Fosco suka sa aka ce ta mutu, suka jefa ta gidan mahaukata da sunan wata. Marian Halcombe, yayarta da su ke uwa ɗaya, ita ce ta hau rufi cikin ruwan sama ta saurari ƙullin da a ke yi, ita ce kuma ta ba ma'aikaciyar gidan mahaukatan kuɗinta ta fito da Laura.

Christina Rossetti ta mai da wannan cikin waƙa, Goblin Market, wadda aka buga a 1862. Gajerun aljanu ne masu kawunan dabbobi ke tallan 'ya'yan itace a bakin rafi. Laura ta saya da silin gashinta, ta sha, daga nan ba ta ƙara jin kiransu ba, ta yi ta ramewa. Lizzie ta tafi da kuɗin azurfa don ta sayo mata, aljanun suka ce sai ta ci a gabansu, ta ƙi, suka doke ta, suka murtsuke mata 'ya'yan itacen a fuska, ba ta buɗe baki ba. Ta komo gida, Laura ta lashi ruwan da ke jikinta, ta warke. Ba wani saurayi ko wa da ya sa hannu a wannan ceto. Mawallafiyar kuwa ta yi shekaru tana aikin sa kai a wani gida a Highgate da ke karɓar matan da jama'a ta yasar.

Dodo ya zama masoyi

Majalisar Ingila ta yi dokokin dukiyar matan aure a 1870 da 1882, mace ta sami ikon riƙe abin hannunta. Tsoron miji bai ƙare nan take ba: Dracula na Bram Stoker, na 1897, abokin gaba ne tsantsa, Rebecca na Daphne du Maurier kuma, na 1938, har yanzu labarin amarya ne a gidan mai asiri. Amma da ya ke aure ya daina zama kurkukun dukiya, sai ƙofa ta buɗe ga marubuta su mai da dodo abin so. Silima ma ta taimaka, tun daga fim ɗin Dracula na 1931 da na Kyakkyawa da Dodo wanda Jean Cocteau ya yi a Faransa a 1946. A 1976 Anne Rice ta bar mai shan jini ya ba da labarinsa da bakinsa, abin da ya tura shi ga halaka kuwa baƙin cikin mutuwar ƙanensa ne. Zuwa 2005, a Twilight na Stephenie Meyer, mai shan jini ya zama saurayin da budurwa ke marmari.

Da dodo ya zama masoyi, sai aka nemi sabon dalilin da zai kai budurwa gidansa, aka same shi a wurin 'yan'uwa. Robin McKinley a 1978 ta sake rubuta Kyakkyawa da Dodo, ta cire hassada, ta mai da yayyen masu ƙauna. Angela Carter a 1979 ta sake Mai Shuɗin Gemu, ta ɗora uwa a kan doki da bindiga a madadin barade. Juliet Marillier a 1999 ta kai tatsuniyar tsuntsaye shida Ailan ta dā, ta sa soyayya ta yi karo da alkawarin shiru. A littafin Sarah J. Maas na 2015, A Court of Thorns and Roses, Feyre tana farauta ne don ta ciyar da ubanta da yayyenta mata biyu sa'ad da ta kashe wani aljani mai siffar kyarkeci, aka tafi da ita ƙasar aljanu a bakin jininsa. Silvia Moreno-Garcia kuma a 2020 ta kai fasalin Meziko, inda Noemí ta shiga gidan waɗansu Ingilishi masu haƙar azurfa don ta fito da 'yar'uwarta Catalina da aka aura a can. Tun daga wajen 2020 masu karatu a dandalin TikTok suka ƙara wa irin waɗannan littattafai kasuwa ƙwarai.

Duk da haka marubuta ba su manta cewa zumunci ma yana iya zama kurkuku ba. A We Have Always Lived in the Castle na Shirley Jackson, na 1962, ƙanwa ce ta zuba guba a sukari ta kashe mutanen gidansu, ta tsame yayarta Constance. Aka gurfanar da yayar, aka sallame ta, ba ta taɓa tona asirin ba, su biyu suka ƙare a kufan gidan da ya ƙone, mutanen gari na tsoronsu. A nan dodo da mai ceto mutum ɗaya ne.

Amfanin wannan ga malamai

Ɗalibin da ya tashi da Hausa ba baƙo ba ne a wannan fage. Dare Dubu da Ɗaya ya fito da Hausa ta hannun Frank Edgar a 1924, Abubakar Imam kuma ya ɗebo daga gare shi da kuma tatsuniyoyin Grimm sa'ad da ya ke rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930. Ban da wannan, akwai tatsuniyar budurwa mai ruwan ido wadda ta ƙi samarin garinsu ta auri kyakkyawan baƙo, ashe dodo ne ko maciji, sai ƙanenta ko ƙanwarta ya fitar da ita. An san wannan a wurare da yawa na Afirka ta Yamma, kamarta da ta Turai kuwa ba ta nuna cewa wani ya ara daga wani ba. Malamin da zai koyar da Jane Eyre ko Frankenstein yana iya farawa daga nan, sa'an nan ya sa ɗalibai su bincika abu uku a kowane labari: wa ke riƙe da mabuɗin gidan, dukiyar wa a ke nema, kuma wane ne ya zo neman wadda aka kulle. Amsar tambaya ta uku ita ce ta fi sauyawa tsakanin 1697 da yau, kuma da ita ɗalibi zai iya gane zamanin da aka rubuta labarin da irin dokar da matan wannan zamani suka zauna a ƙarƙashinta.